Amsa ga ɗan'uwan da otal ya nemi ya tura bayanan katinsa ta imel

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce otal ɗin da za ka sauka ya turo maka fom, yana so ka rubuta lambar katinka ta banki da ranar ƙarewarsa da lambobi ukun nan na baya, ka sa hannu ka mayar ta imel kafin a ajiye maka ɗaki, kana tambaya ko akwai matsala. Shawarata kada ka tura, ko da kuwa ka tabbata otal ɗin na mutanen kirki ne.

Na daɗe ina aiki a sashen karɓar kuɗi na wani kamfanin shirya tafiye-tafiye, kuma irin wannan fom ya sha wucewa ta hannuna. Akwatin imel ɗin ofis guda ɗaya ne, kalmar sirrinsa tana hannun ma'aikata da yawa, wani ma ya bar aiki ba a sauya ta ba. Fom ya iso, a buga shi a takarda, a shigar da lambar cikin na'ura a cire kuɗin, takardar ta tafi fayil, saƙon kuma ya ci gaba da zama a akwati shekara da shekaru. Babu wanda ya yi niyyar cutar kowa a cikinmu. Amma duk wanda ya samu shiga akwatin nan, ya samu katunan mutane birjik.

Yawancin mutane tsoronsu kada a tare saƙon a hanya. Wannan ya ragu, domin manyan kamfanoni irin su Gmail da Outlook suna kulle saƙo yayin tafiyarsa matuƙar ɗaya ɓangaren ma yana da tsarin. Haɗarin yana wurin da saƙon ya kwana. Kwafi yana cikin saƙonninka da ka aika, yana wayarka, yana akwatinsu, yana wurin duk wanda suka tura wa, yana kuma ma'ajiyar da kamfanoni ke adana bayanai. Saƙon imel zarar bunu ne, ka goge naka, nasu yana nan. Akwatuna kuwa ana fasa su: kutsen da aka yi wa Yahoo a 2013, sai a 2017 kamfanin ya bayyana cewa ya shafi dukkan asusunsa biliyan 3. Mai kutse idan ya shiga, ba karatu yake zama yi ba, kalmomi irin su Visa ko CVV, wato lambobi ukun nan na bayan kati, yake bincikowa.

Na san wani zai ce ai ba za a iya cire kuɗi ba sai da OTP, wato lambar amfani sau ɗaya da banki ke turowa. Nan ne mutane suka fi ruɗuwa. Ba kowane ciniki ne ke neman OTP ba. Akwai tsohon tsarin biya ta waya ko ta wasiƙa, inda ɗan kasuwa ke danna lambar katin da hannunsa, kuma shi ne ma dalilin da ya sa otal ɗin ke neman fom. Shafukan sayayya da yawa su ma lambar kati da ranar ƙarewa da lambobin baya sun ishe su. Ke nan abin da za ka rubuta a fom ɗin shi ne katin gaba ɗaya.

Kamfanonin kati da kansu sun hana wannan. Visa da Mastercard da American Express da Discover da JCB sun kafa majalisar haɗin gwiwa a 2006 da ke kula da ƙa'idar tsaro mai suna PCI DSS. A cikinta an haramta aika cikakkiyar lambar kati ba tare da kariya ba ta imel ko tes ko manhajar hira, an kuma haramta wa ɗan kasuwa ajiye lambobin baya da zarar an amince da ciniki. Fom ɗin da ya kwana a akwati ya saɓa duka biyun.

Dabarar raba lambar gida biyu a tura a saƙo biyu ba ta tsinana komai idan akwati ɗaya za su faɗa. Hoton kati ta WhatsApp ma haka, hanyar a kulle take, amma hoton zai zauna a wayar da ba ka san hannun wa za ta shiga gobe ba. In kuwa ta gidan waya kake tunanin aikawa, duba yadda bankunan da ke aika kati suke yi: kati a ambulan ɗaya, lambar sirri a wata daban, kuma katin ba ya aiki sai mai shi ya kunna. Su da suka san aikin ba sa haɗa komai wuri guda.

Ga abin da zan yi da ni ne. Zan kira otal ɗin ta lambar da ke shafinsu na ainihi, ba wadda ke cikin imel ɗin ba, domin 'yan damfara sun ƙware wajen kwaikwayon saƙon otal, har da tambarinsa. In sun tabbatar su ne, in nemi su turo hanyar biya ta intanet inda zan shigar da katin da kaina, bankina ya turo min OTP. Idan ba su da ita, in karanta wa mai karɓar kuɗi lambar ta waya ya danna nan take, in roƙe shi kada ya rubuta a takarda. Wannan ma ba cikakken tsaro ba ne, amma bai bar kwafi a akwati ba. Mafi kwanciyar hankali shi ne kati na wucin gadi da wasu bankuna ke bayarwa a manhajarsu, ko katin da ka zuba masa iya kuɗin ɗakin kawai. Lambobi huɗun ƙarshe babu laifi ka faɗa don a gane cinikinka, su ne ma ake bugawa a rasit. PIN da OTP kuwa babu otal ko ma'aikacin banki da ke da hurumin tambayarka.

In kuma ka riga ka tura kafin ka yi tambayar, kada ka jira sai ka ga an taɓa kuɗin. Toshe katin ta manhaja ko ka kira bankinka, ka nemi sabo, sannan ka goge saƙon har daga kwandon shara. Ka riƙa duba alat, musamman ƙananan kuɗin da ba ka gane ba, domin da su ɓarayi ke gwada kati kafin su yi babbar cira. Ka gan su, ka kai rahoto banki a ranar, saboda neman a mayar da kuɗi yana da wa'adi.