Na Gaya Wa Ɗalibaina 4,294,967,297 Firam Ce, Na Yi Kuskure?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ina koyar da lissafi. Na gaya wa ɗalibaina cewa 4,294,967,297 lambar firam ce, wato wadda ba ta rabuwa cif sai da 1 da ita kanta, tunda 'yan uwanta 3, 5, 17, 257 da 65,537 (kowace, ka cire mata ɗaya, ka buga abin da ya rage sau kansa, ka ƙara ɗaya, sai ta gaba ta fito) duk firam ne, kuma na gwada raba ta da 3, 7, 11 da 13 ta ƙi. Yanzu wani ɗalibi ya ce ba haka ba ne. Hankalina ya tashi, kada a ce na ɓatar da yara.

Amsa: Malam, ɗalibinka ya fi ka gaskiya, ka koma aji ka gyara. Ɗauki alƙalami ka buga 641 sau 6,700,417, za ka ga lambarka ta fito cif. Su biyun firam ne, don haka masu raba ta huɗu ne kacal: 1, 641, 6,700,417 da ita kanta. Mara ce, wato ba ta rabuwa da 2, kuma ta ɗara 65,536 sau 65,536 da ɗaya tak.

Ka kwantar da hankalinka, ba kai ka fara ba. Masanin lissafi Pierre de Fermat na Faransa ya yi wannan zato a 1640, sai a 1732 wani masanin, Leonhard Euler, ya tono 641. Har yau ba a sake samun firam ko ɗaya a wannan dangi ba bayan 65,537.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne hujjar da ka kafa, domin kullum sai na ci karo da ita. Biyar na farko sun yi, to shi ke nan na shida ma zai yi? Wa ya ce? Ka gwada lambobi huɗu ka ajiye alƙalami, alhali kafin ka yanke hukunci ta hanyar rabawa sai ka bi duk firam da ke ƙasa da 65,536, su 6,542. Huɗu cikin dubu shida da ɗoriya! Euler ma bai bi su ɗaya bayan ɗaya ba, ya gano cewa duk firam da zai raba wannan lamba dole ya zama ninkin 64 da ƙarin ɗaya. 641 kuwa 64 sau 10 ne da ɗaya.

Irin wannan sakacin ne masu bidiyo a Facebook da TikTok suke kasuwanci da shi. Mutum ya fito da "sirrin" samar da firam, ya nuna misali goma, a yi ta tafa masa. Ka gwada wannan da yaranka: lamba sau kanta, a ƙara ita, a ƙara 41. Daga 0 har 39 firam za ka yi ta samu, sau arba'in a jere. Kana sa 40 sai ga 1,681, wato 41 sau 41. Ba wasa ba ne, domin makullan sirri da ke tsare kuɗin mutane a intanet a kan manyan firam aka gina su.

Gobe ka rubuta lambar a allo, ka miƙa wa ɗalibin nan alli, ka bar shi ya raba ta da 641 a gaban kowa.