Yaro mai farfaɗiya: yaushe za a kai shi wajen ƙwararren lokotoro?

Hajiya sannu, Allah ba shi lahiya. Kin ce ɗanki yana shan fenobarbital amma faɗuwar ƙaruwa take, kina tambaya ko lokacin ganin lokotoron ƙwaƙwalwa ya yi. Ni dai a ganina ya yi.

Amma fara dubawa, yana sha kullum ba tsallake? Kuma an sake auna kilonshi? Don yaro in ya girma maganin bara ba ya isarshi, sau da yawa nan matsalar take. In an gwada magani kala 2 yadda ya kamata, misali aka ƙara Depakine ko Tegretol kuma bai daina ba, ko ya fara mance maganar da ya iya, ko faɗuwar ta canza kama, to ya wuce na CSI (ƙaramar likita ta kusa da ku), ki nemi takarda zuwa babbar likita ta Damagaram, in ta kama su tura ku Yamai a yi mishi EEG, wato awon aikin ƙwaƙwalwa da na'ura.

Ki ɗauki bidiyo da salula in farfaɗiyar ta tashi ki nuna ma lokotoro, ya fi dogon bayani wallahi. Kar ki tsaida magani da kanki ko da ana rubutu. Jijjiga ta wuce minti 5 kuwa, ki kwantar da shi ta gefe, ba cokali a baki, sai urjansi nan take.