Hukuncin inshorar lafiya da ake sharɗanta wa mai neman biza

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni mazaunin Jidda ne, na shekara 22 a nan da igamata, wato takardar izinin zama. Ɗana yana karatu a Jamus, bana zai kammala, yana so ni da mahaifiyarsa mu je. Da na fara haɗa takardun biza sai aka ce dole sai da ta'amin, wato inshora, na lafiya. Ni kuwa tun tasowata nake jin malamai suna cewa inshora caca ce. Wani ejan ya ce zai buga mini takardar kawai a kan kuɗi kaɗan, ba sai na shiga haram ba. Wani kuma ya ce in saya, in biza ta fito in soke a mayar mini da kuɗina. Sannan maiɗakina tana da ciwon suga da ya fara taɓa mata ido, muna so in mun je likitocin can su duba ta, tunda an ce sun fi ƙwarewa. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Allah ya sa albarka a karatun yaron.

Alhaji, ya halatta ka yanki wannan inshora, babu zunubi a kanka in sha Allahu. Haramun ɗin da kake gudu tana cikin shawarwarin nan biyu da aka ba ka. Amma ba zan bar ka da wannan kawai ba, domin abin da ka ji tun kana yaro yana da tushe.

Sharaɗin ba ejan ne ya ƙirƙiro shi ba. Jamus tana cikin ƙasashe 29 na yankin Shengen, kuma dokar bizarsu ta 2009 ta wajabta wa mai neman bizar gajeren zama, wato wadda ba ta wuce kwana 90, ya nuna inshorar da za ta iya ɗaukar aƙalla Yuro 30,000. A kuɗin nan ya haura riyal 100,000. Dole ta yi aiki a duk ƙasashen yankin tsawon kwanakin zaman, ta ɗauki jinyar gaggawa da kwanciya asibiti da ɗauko mara lafiya a mayar da shi gida, ko gawarsa in ta Allah ta kasance. Ka ga ke nan ba ƙofa ba ce da za ka kewaye. Mu ma nan haka muke yi wa baƙi. Duk wanda ya taɓa nema wa mahaifiyarsa bizar ziyara daga Kano ko Maraɗi ya san sai da ta'amin, mai zuwa Umara ma a cikin kuɗin bizarsa ake haɗa masa.

Abin da ya sa malamai suka ƙi inshorar kasuwanci shi ne garari. Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya hana cinikin garari, wato cinikin da ɗayanku bai san abin da zai samu ba. Ka ba kamfani riyal 200. In ka je ka dawo lafiya, kuɗin sun tafi ba ka karɓi komai ba. In ka faɗi a tashar jirgin ƙasa ka karye, kamfani ya fitar da dubbai. Ranar da aka ƙulla cinikin babu wanda ya san wanne zai faru, kuma ribar ɗaya asarar ɗaya ce. Ga shi kuɗi ne ake musanyawa da kuɗi ba daidai ba, kuma ba hannu da hannu ba, shubuhar riba ta shigo. A kan haka Majalisar Manyan Malamai ta ƙasar nan, Saudiyya, ta haramta ta a 1397 Hijira. Majalisar fiƙihu ta Rabiɗa, wato Ƙungiyar Musulmi ta Duniya, ta bi sahu a Makka a 1398, sai Shaikh Mustafa Zarƙa kaɗai ya saɓa, yana ganin abin da mutum yake saya shi ne kwanciyar hankali, ita kuwa ya same ta tun ranar da ya biya. Majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ita ma ta yanke haka a nan Jidda a 1406, daidai da 1985. Ni ina tare da masu rinjaye, ko da yake ban ɗauki maganar Zarƙa ta yarwa ba.

Sai dai mutanenmu sun riƙe rabin fatawar sun bar rabi. Duk majalisun nan uku da suka hana ta kasuwanci, su ne suka halatta ta taimakekeniya, wadda ake ce wa ta'awuni ko takaful. Kamar adashi ne da ake yi don ranar da masifa ta sami wani: kowa ya zuba a asusu da niyyar kyauta, wanda abu ya sama a fitar masa, kamfani kuwa wakili ne mai kula da asusun a kan lada. Wannan bambanci ɗan mazhabar Maliku bai kamata ya zame masa baƙo ba, domin Ƙarafi, ɗaya daga cikin manyan malaman mazhabar, ya bayyana cewa a wajen Imam Malik garari yana ɓata cinikin musanya, amma ba ya ɓata kyauta. In ka ba mutum raƙuminka da ya ɓace kyauta, in ya same shi ya ci riba, in bai same shi ba bai yi asarar komai ba. Kuma Buhari da Muslim sun ruwaito yabon da Annabi ya yi wa Ash'ariyyawa, ƙabilar sahabi Abu Musa al-Ash'ari, waɗanda in guzurinsu ya yi ƙaranci sukan tara abin da ke hannunsu a mayafi ɗaya su raba daidai, har ya ce su nasa ne shi nasu ne. Kamfanin farko da aka gina a kan wannan tsari na takaful a Sudan aka kafa shi, a 1979.

A ƙasar nan doka ta sa duk kamfanonin inshora su yi aiki da sunan ta'awuni. Ba zan ɓoye maka ba, akwai malaman da ke ganin sunan ya fi aikin yawa, tunda kashi 10 cikin 100 na rarar kuɗi kawai ake mayar wa masu zubi, sauran na masu hannun jari ne. Saboda haka in ka sami kamfani mai kwamitin malamai da ke duba ayyukansa, kuma ofishin jakadancin yana karɓar takardarsa, shi za ka zaɓa, ko ya ɗan fi tsada. In ba ka samu ba, yanki wadda aka yarda da ita. An tilasta maka, tafiyarka halal ce, sada zumunta ce ma, kuma ƙa'idar malamai ita ce buƙata tana sauka matsayin lalura. Musamman a haramcin da dalilinsa garari ne, wanda shari'a takan yafe shi idan mutane suka buƙata, kamar sayen gida ba ka ga harsashinsa ba. Amma lalura gwargwadonta ake ɗauka: ta kwanakin tafiyarka, ba wadda aka cusa wa inshorar rai da su jari a ciki ba.

Yanzu ga ejan ɗinka. Takardar da aka buga babu inshora a bayanta ƙarya ce rubutacciya, kuma za ka sa hannu a fom kana shaida cewa duk abin da ka gabatar gaskiya ne. Annabi ya ce wanda ya yaudare mu ba ya cikinmu, kuma yaudara ba ta zama halal don wanda aka yi wa ba Musulmi ba ne. An guje wa abin da malamai suka yi saɓani a kansa an faɗa cikin wanda babu saɓani, an gudu ba a tsira ba ke nan. Sayen ta da niyyar sokewa bayan biza ta fito shi ma uwarsu ɗaya, domin an ba ka izinin shiga a kan sharaɗi, Allah kuma ya ce a cika alƙawura. Daban ne in an hana ka bizar ka nemi a mayar maka da kuɗinka, wannan haƙƙinka ne in yarjejeniyar ta tanada. Ban da zunubi, jami'in filin jirgi yana da ikon neman takardunka ranar da ka sauka, bizar da aka gano an same ta da takardar bogi kuma ana soke ta.

Maganar Hajiya ita ta fi tsaya mini. Kwanakin baya wani dattijo ya tsayar da ni bayan sallar La'asar da takardarsa a cikin leda, shafi huɗu, yana murna ya gama da batun aikin gwiwarsa, Turawa za su yi masa a kan ta'amin. Muka zauna a gefen shiryayyen takalma, ya riƙe mini tabarau, na bi ƙananan rubutun nan na shafi na uku da yatsa. Ga shi ƙarara: ba a biyan ciwon da mutum yake da shi kafin tafiya, ba a biyan tafiyar da aka yi don neman magani. Ya yi shiru, can ya ce, "To Malam me na saya?" Na ce ka sayi abin da zai same ka a hanya, ba abin da ka tafi da shi ba. Yawancin inshorar tafiya haka take. Don haka in an tambayi lafiyar Hajiya a fom, a rubuta ciwon suga yadda yake. Ɓoye shi don kamfani ya biya cin dukiyar mutane ne da ƙarya, kuma su ma sukan nemi tarihin jinyar mutum kafin su saki kuɗi. Duba idonta daga aljihunka zai fito. In jinyar ce babbar manufar tafiyar, a faɗa wa ofishin jakadanci tun farko, akwai bizar jinya da takardunta daban, ciki har da wasiƙar asibitin da zai karɓe ta da shaidar ikon biya.

Batun sun fi ƙwarewa kuwa, neman magani wajen likitan da ba Musulmi ba halal ne in amintacce ne, kuma Jamus ba a raina ta a fagen likitanci. Sai dai idon mai suga ba aikin rana ɗaya ba ne, bibiya yake so wata bayan wata, tare da daidaita sugan kansa. Likitan da zai gan ta sau ɗaya ku hau jirgi ba zai maye gurbin wanda ke ganin ta a nan ba, kuma ganin ƙwararre a can yakan so a kama layi tun da wuri. Kada ku jinkirta kai ta asibiti a nan kuna jiran biza. Ku tafi da rahoton likitanta da Turanci, da maganin da zai ishe ta a jakar hannu. Lambar gaggawa a can 112 ce.

Saura in wani abu ya faru kamfani ya biya fiye da abin da ka zuba. In na taimakekeniya ne, ka karɓa ba tare da wani ɗar ba. In na kasuwanci ne, wasu malamanmu sun ce ka tsaya a gwargwadon abin da ka biya. Ni abin da nake gani, wanda aka tilasta wa yarjejeniya ba a ɗora masa nauyinta a hana shi amfaninta, kuma ba a cewa mutumin da ke kwance a ƙasar da ba tasa ba ya bar bashin asibiti a wuyan ɗansa ɗalibi. A bar kamfanin ya biya asibiti abin da aka kashe. In kuɗi suka zo hannunka fiye da abin da jinyar ta ci, ka mayar musu da rarar.

Allah ya ba Hajiya lafiya, ya kai ku ya dawo da ku. Wallahu a'alam.