Tambayoyinku kan fasaha: Wa ya cire manhajar daga wayarka?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Idi-Araba, ina sarin kayan waya ina kai wa abokan ciniki a Computer Village da ke Ikeja. Da na je Guangzhou a ƙasar Sin na sayi iPhone, yaron shagon ya buɗe mini asusu a can. Na dawo Legas, amma ko na nemi WhatsApp ko VPN ko manhajar Quran Majeed a App Store ba na ganinsu, alhali maƙwabcina yana da su duka. Mai gyara ya ce a goge wayar gaba ɗaya. In yarda?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji. Kada ka bari a goge komai, wayarka lafiyarta ƙalau. Matsalar tana cikin asusun da aka buɗe maka. Apple ba ya duba ƙasar da kake tsaye, yana duba ƙasar da aka rubuta a asusunka ne, kuma naka an rubuta ƙasar Sin. Don haka ko kana tsakiyar Idi-Araba, shagon manhajojin da ake nuna maka shi ne wanda hukumomin Beijing suka tace.

Ga gyaran: shiga Settings, taɓa sunanka, sai Media & Purchases, sai View Account, sai Country/Region, ka mayar da shi Najeriya. Idan akwai ragowar kuɗi a asusun, ko wani abu da kake biya duk wata, sai ka warware su tukuna. In asusun da lambar wayar can aka buɗe shi, ka bar shi kawai ka buɗe sabo da imel ɗinka, ya fi sauƙi. Akwai abin da ba zai gyaru ba: kiran murya na FaceTime a kashe yake a wayoyin da aka ƙera don kasuwar Sin.

Manhajojin nan kuwa ba ɓacewa suka yi da kansu ba. A Yulin 2017 Apple ya kwashe manhajojin VPN da dama, wato masu buɗe shafukan da aka toshe, daga shagonsa na Sin. A Oktoban 2021 ya cire Quran Majeed bayan hukumomi sun buƙaci haka, manhajar da miliyoyin Musulmi ke karatu da duba lokacin salla da ita. A Afrilun 2024 WhatsApp da Threads suka bi sahu. Amsar kamfanin a kullum ita ce dole ya bi dokar ƙasar da yake kasuwanci a cikinta. Sannan tun 2018 bayanan iCloud (ma'ajiyar Apple ta intanet) na masu asusun Sin suna ajiye ne a hannun wani kamfani mai alaƙa da gwamnatin lardin Guizhou. Wannan kaɗai ya isa ka gaggauta sauya asusun, domin hotunan iyalinka da lambobin abokan cinikinka ake magana.

In za ka koma, ka sauke duk abin da kake buƙata tun kana gida. Yawanci idan ka kunna datar layinka na Najeriya a can, WhatsApp zai yi aiki, domin datar tana zagayawa ta kamfanin layinka, sai dai akwai tsada. Ka kuma sani cewa dokar Sin ba ta amince da VPN marar lasisi ba. A manhajar WeChat da 'yan kasuwar can ke amfani da ita, ka tsaya kan farashi da lambar kwantena, domin saƙonninta ba a kulle suke ba, wato kamfanin na iya karanta su.

Tambaya: Malam, ni ɗaliba ce a Agege, ina yawan rubutu kan tsadar rayuwa a shafukan sada zumunta. Shin kamfani zai iya miƙa saƙonnina ga gwamnati?

Amsa: 'Yar'uwa, zai iya miƙa abin da ke hannunsa, kuma an taɓa yi. A 2004 wani ɗan jarida a Sin mai suna Shi Tao ya aika saƙo ta imel ɗinsa na Yahoo zuwa wani shafi a ƙetare, yana bayyana umarnin da aka ba kafafen labarai kan cika shekara 15 da murƙushe zanga-zangar dandalin Tiananmen. Yahoo ya ba hukumomi bayanan da suka taimaka aka gano shi, aka yanke masa ɗaurin shekara 10 a 2005. A 2007 shugaban kamfanin, Jerry Yang, ya nemi afuwar mahaifiyar Shi Tao a zauren Majalisar Dokokin Amurka, tana zaune a bayansa. Ɗan nata bai fito ba sai 2013.

A WhatsApp da Signal, saƙo a kulle yake tafiya, ke da wanda kika aika wa kaɗai kuke da mabuɗin, kamfanin ma ba ya iya karantawa. Amma WhatsApp ya san lambarki da wasu bayanai kan yadda kike amfani da shi. Inda mutane ke sakaci shi ne ajiyar saƙonni a Google Drive ko iCloud. A WhatsApp, shiga Settings, sai Chats, sai Chat backup, ki kunna kullewar ajiya, ki adana kalmar sirrin inda ba za ki manta ba. A Telegram kuma, hira ta yau da kullum ba ta da irin wannan kulle sai kin zaɓi Secret Chat.

Abin da kika wallafa a fili babu kullen da zai kare shi. Sashe na 39 na kundin tsarin mulki ya ba ki 'yancin faɗin albarkacin baki, amma an sha kama mutane da sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024. Ki rubuta abin da kike da hujja a kansa, kada kuma tsoro ya sa ki yi shiru.

Tambaya: Ni ban ga laifin kamfanonin nan ba. Mu ma a kasuwar Mile 12 idan hukuma ta ce a rufe shago, rufewa muke. Me ya sa kake ganin laifinsu?

Amsa: Yallaɓai, na fahimci hujjarka, amma ban yarda ba. Shagonka in an rufe, kai ne ka yi asara. Su kuwa bakin wasu suke rufewa don nasu shagon ya ci gaba da ciniki. A Satumban 2021, ranar da aka fara zaɓen majalisa a Rasha, Apple da Google suka cire manhajar da mutanen ɗan adawa Alexei Navalny suka yi don nuna wa masu zaɓe ɗan takarar da za su mara wa baya. An ruwaito cewa an yi wa ma'aikatansu na Moscow barazana, kuma ba na raina wannan. Sai dai wanda ya shiga irin wannan kasuwa ya san ranar nan za ta zo.

Kuma ba gaskiya ba ne cewa babu zaɓi. Google ya buɗe shafin bincike tatacce a Sin a 2006, ya janye shi a 2010. Turkiyya ta toshe Wikipedia a 2017, masu shafin suka ƙi goge abin da aka nema, suka tafi kotu, kotun tsarin mulki ta ba su gaskiya, aka buɗe a Janairun 2020.

Mu ma mun ɗanɗana. A Yunin 2021 gwamnati ta dakatar da Twitter, hukumar sadarwa ta NCC ta ba da umarni, kamfanonin layi suka toshe shi cikin kwana ɗaya. Masu tallan atamfa da turare da takalma a shafin suka koma neman VPN har zuwa 13 ga Janairun 2022, kwana 222. A Yulin 2022 kotun ECOWAS ta ce dakatarwar ta saɓa doka, bayan asarar ta riga ta auku.

Abin da nake nema daga kowane kamfani kaɗan ne: ya nemi umarnin a rubuce, ya ƙalubalance shi a kotu inda hali ya yi, ya kuma gaya wa mai waya cewa an cire abu kaza bisa umarnin wane. Google yana wallafa rahoton buƙatun gwamnatoci tun 2010, Meta (mai Facebook da WhatsApp) da Apple ma suna da nasu. Ka nemi Google Transparency Report, ka zaɓi Najeriya, za ka ga buƙatun da hukumominmu suka tura na a cire abu ko a ba da bayanan masu asusu.