Filin Tambaya da Amsa: Yaya Ake Gane Ganyen Shayi Mai Kyau?

Wasiƙun da suka iso mini a wannan watan yawancinsu a kan ganyen shayi ne, na awo, wanda ba a ɗaure shi cikin 'yar jaka ba. Na zaɓi biyar daga ciki.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Maigidana ya dawo daga tafiya da gwangwani uku na ganyen shayi. Ɗaya an rubuta Assam, ɗaya Darjeeling, ɗaya Ceylon. Na dafa kowanne yadda na saba, da citta da kanumfari da madara da sukari, amma ban ji wani bambanci ba. Shi kuma ya ce kuɗinsu ba ɗaya ba ne. Ko dai an cuce shi? Daga wata uwargida a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ki kwantar da hankalinki, ban ga alamar cuta a nan ba. Citta da kanumfari ne suka danne ganyen, madara kuma ta zo ta rufe sauran. Ni ma shayin citta nake sha da safe, ba raina shi nake yi ba. Amma in ana so a san ganye, dole a sha shi tsurarsa ko sau ɗaya ne, ba sukari ba madara, kuma a jera su wuri ɗaya a lokaci ɗaya. Wanda aka sha jiya da wanda aka sha yau ba sa gwaduwa, harshe yana da mantuwa.

Ki samu kofunan tangaran farare guda uku, iri ɗaya. A kowanne ki zuba ganye giram 2, wato kamar ƙaramin cokali guda, sai tafasasshen ruwa mililita 100, kusan rabin kofi ke nan. Ki kifa faranti a kai. Masu sana'ar ɗanɗanon shayi a kamfanoni minti 6 cif suke bari, kuma wannan awon rubutacce ne, hukumar ma'aunai ta duniya ISO ta fitar da shi a 1980 da lamba 3103. Minti 6 ya yi wa shayin sha yawa, amma da gangan suke yi, don duk aibin da ganye ya ɓoye ya fito fili. Ke a gida minti 4 ya isa, muddin dai dukkansu lokaci ɗaya kika ba su.

Kafin ma ki zuba ruwa, ki baza kaɗan daga kowanne a kan farar takarda. Ki duba ko tsawonsu ya yi daidai da juna, ko kuwa akwai ƙirare da gari da yawa a ciki. Ki ɗebi kaɗan a tafin hannu, ki hura masa numfashi, ki sunsuna. Ɗumin numfashin kan tayar da ƙamshin da ya kwanta.

Bayan kin tace, kada ki zubar da jiƙaƙƙen ganyen. Ni shi nake fara dubawa tun kafin in kai kofi baki, don ba ya ƙarya. Baƙin shayi mai kyau, in ya jiƙu, ganyensa yakan koma ja mai haske kamar sabuwar tagulla. In ya tsaya baƙi ƙirin ba walwali, ko dai an yi sakaci wajen sarrafa shi ko ya tsufa. Sai ki dubi ruwan a cikin farin kofi. Duhu ba shi ne kyau ba. Abin nema shi ne ruwa garau mai sheƙi, wanda a gefen kofin za ki ga wani zobe mai ruwan zinariya.

Sa'an nan ki ɗiba da cokali ki zuƙa da ƙarfi har ya yi ƙara, yadda zai fantsama ko'ina a baki ƙamshin ya hau hanci. A gaban baƙi ba a yin haka, amma wannan aiki ne tsakaninki da kicin ɗinki. Abu biyu nake so ki raba, domin mutane da yawa suna haɗa su: ɗaci daban, bauri daban. Ɗaci a harshe ake jin sa, kamar na maɗaci. Bauri kuwa shi ne bushewar nan da ke kama dasashi da ganɗa, irin ta wanda ya ci ɗanyar kanya. Ɗan bauri kaɗan ado ne ga baƙin shayi, shi ke sa a ji baki ya wartsake. Ɗacin da ya maƙale a maƙogwaro ya ƙi tafiya, wannan aibi ne. Ki kurkure baki da ruwa tsakanin kofi da kofi, kada kuma ki yi gwajin bayan cin goro ko yaji. In sun ɗan huce ki sake bi ta kansu, don akwai ganyen da sai ya yi sanyi asirinsa ke tonuwa.

Ga abin da nake sa ran za ki tarar. Assam daga kwarin kogin Brahmaputra yake a arewa maso gabashin Indiya, ƙasa mai zafi da yawan ruwan sama. Ruwansa ja ne mai duhu, yana cika baki, ƙamshinsa kamar na tsiron dawa da ake sa wa kunun zaƙi. Darjeeling ma na Indiya ne, amma a kan gangaren duwatsun Himalaya ake noma shi. Ruwansa fatau yake, har za ki ɗauka bai ji ganye ba. Tsinkar farko ta watan Maris zuwa Afrilu tana da ƙamshin fure da ɗanyen ganye, ta biyu a Mayu da Yuni kuma tana kama da busasshen inabi. Ceylon tsohon sunan ƙasar Siri Lanka ne kafin 1972, shayin ya riƙe sunan. In kin ga hoton zaki riƙe da takobi a jikin gwangwanin, alama ce cewa ganyen ƙasar ne zalla, a can kuma aka ƙunshe shi. Shi yana tsakiyar biyun, garau, da ɗan kaifi irin na ɓawon lemo.

Shawarata: Assam ki ba shi madara da citta, zai ɗauka. Ceylon ki sha shi da ɗan sukari ko lemon tsami. Darjeeling kuwa ina roƙonki kada ki sa masa komai, minti 3 ki tace, ki kai wa maigida bayan la'asar. Mai yiwuwa shi ne ya fi cin kuɗin, kuma shi ne madara ta fi yi wa ɓarna.

TAMBAYA: Baba, barka da aiki. Mu a majalisarmu kullum da dare muna dafa ataya. A jikin kwalayen muna ganin lambobi, 41022, 4011, 9371, wani kuma 3505. Mene ne ma'anarsu, wanne ya fi? Abokina ya ce wanda ya fi kumfa shi ya fi kyau. Daga wani matashi a Maraɗi.

AMSA: Barka kadai, ɗana. Koren ganyen da kuke dafawa daga ƙasar Sin yake zuwa, kuma itacensa ɗaya ne da na baƙin shayi. Wajen sarrafawa suka rabu. Ka ga yadda farin goro ke yin ja in ka gatsa ka ajiye? Haka ganyen shayi yake in an murje shi aka bar iska ta bi ta kansa, sai ya yi duhu ya zama baƙin shayi. Shi kore, da an tsinko ake gasa shi da zafi don a tare wannan rikiɗar. Mutanen Sin a kasko suke yi, shi ya sa nasu ke da ɗan ƙauri. Mutanen Japan da tururi suke turara nasu, sai ya fito kore shar da ƙamshin ɗanyar ciyawa.

Lambobin nan na masu fitar da kaya ne, suna nuna iri da daraja. 41022 da 4011 da 9371 duk dangin Chunmee ne, siririn ganye mai ɗan lanƙwasa, sunan ma yana nufin gira mai daraja. A al'adar kasuwa 41022 yana sama da 9371. 3505 kuwa shi ne mai dunƙule-dunƙule kamar ƙwayar albarushi, asalinsa lardin Zhejiang, shi ne mutanen Maroko suka fi dafawa da na'a-na'a. Sai dai lamba ɗaya daga kamfanoni biyu ba lallai ta zo da abu ɗaya ba, don haka ka buɗe kwali ka duba. Mai dunƙulen, ƙananan ƙwayoyi matsattsu masu sheƙi sun fi manya sakwa-sakwa. Chunmee kuma ka duba gindin kwalin, in gari ya taru da yawa ka rage masa daraja.

Maganar kumfa, abokinka bai faɗi daidai ba. Yawancinta daga ɗaga buta ne da juyawa tsakanin finjali da finjali, sukari kuma na taimaka mata ta tsaya. Gwanin hannu zai fitar da kumfa ko da ganyen banza ne. Gwajin da na yarda da shi na koye shi ne wurin wani Buzu mai gadi a unguwarmu, shekaru da yawa da suka wuce. Yakan ɗauraye ganyen da ɗan ruwan zafi ya zubar tukuna, kuma ba ya yanke wa ganye hukunci sai a dahuwa ta uku. Ta farko kowane ganye yana da ƙarfi. Wanda ya kai ta uku da sauran garɗinsa, ba ruwan sukari zalla ba, shi ne ya cancanci kuɗinka. In kuma kana so ka ji ainihin ɗanɗanonsa, wata rana kada ka tafasa shi a kan gawayi. Ka bar tafasasshen ruwa ya ɗan huce ya sauko wajen digiri 80, ka jiƙa minti 2. Za ka yi mamakin yadda ɗacin zai ragu.

TAMBAYA: Malam, ganye ɗaya nake saya, amma in na dafa a gidan mahaifiyata ya fi daɗi, a gidana kuma har wata 'yar yana-yana yake yi a sama. Daga wata amarya a Gusau.

AMSA: Ƙanwata, leƙa cikin butarki. In kin ga farin abu ya daskare a gindinta kamar alli, ruwan ne. Wasu rijiyoyin burtsatse ruwansu na ɗauke da sinadarin farar ƙasa da yawa, shi ke haɗuwa da shayi ya yi wannan yanar, ya kuma dusashe launi da ƙamshi. Ba ya cutarwa. Ki ɗebo ruwa daga gidan Mama a gora, ki dafa kofi biyu gefe da gefe, za ki tabbatar. Ɗigon lemon tsami yana rage yanar.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, ni mai shayi ne a bakin tasha. Wani kwastoma ya ce mini ganyen da nake amfani da shi, mai ƙananan ƙwayoyi, shara ce, wai na kirki dogon ganye ne. Gaskiya ne? Kuma mu a Najeriya ba ma noman shayi ne? Daga wani mai shayi a Jalingo.

AMSA: Malam, kai da kake Jalingo ai a jiharka ta Taraba ake noma shi. A kan tsaunin Mambila, a Kakara kusa da Gembu cikin ƙaramar hukumar Sardauna, akwai gonar shayi da masana'antar da ke yin Highland Tea. Tsayin wurin, kusan mita 1,600, da sanyinsa da yawan ruwansa su suka sa itacen ke yi. A ƙetaren iyaka ma, a Ndu ta Kamaru, ana nomansa.

Kwastomanka kuma ya yi kuskure. Ƙwayoyin nan da gangan ake yin su, da injin da ke murƙushe ganye ya yayyaga shi ya dunƙule, ana kiran hanyar CTC, an fara ta a Assam a farkon shekarun 1930. Yawancin shayin Kenya irin sa ne, na yankin Kericho da sauransu, wanda ake gwanjonsa a Mombasa, kuma Kenya ce kan gaba a duniya wajen fitar da baƙin shayi. Amfaninsa shi ne yana sakin launi da ƙarfi nan da nan, kuma madara ba ta kashe shi. Ga mai teburi irinka, wanda direba ke jira da burodi a hannu, ban san abin da ya fi shi ba. Dogon ganye yana da ƙamshi kala-kala da wannan ba shi da su, amma in ka zuba masa madarar gwangwani duk sun tafi.

Shi ma a cikinsa akwai mai kyau da maras kyau. Ka gwada shi da ɗan'uwansa mai ƙwaya, kuma wannan karon ka sa madara daidai wa daida a kowane kofi, tunda haka kake sayarwa. Mai kyau zai ba ka launin ja mai haske kamar sabon bulon ƙasa. Maras kyau zai koma toka-toka.

TAMBAYA: Malam, na sayi ganye mai tsada, bayan wata biyu ƙamshinsa ya gudu. Ina ajiye shi a leda cikin kabad ɗin kayan miya. Daga wata ma'aikaciyar jinya a Kumasi.

AMSA: Hajiya, kabad ɗin ne ya cinye shi. Ganyen shayi yana zuƙar duk warin da ke kusa da shi, daddawa ce, yaji ne, turare ne. Na taɓa sayen rabin kilo a wani shago da ya jera buhun ganye kusa da katan ɗin sabulu, ko kofi ɗaya bai shawu ba, har yau ina jin zafin kuɗin. Ki samu gwangwani mai murfi matsattse wanda haske ba ya ratsawa, ki ajiye nesa da murhu da kayan ƙamshi, ki riƙa ɗiba da busasshen cokali. A wuri mai laima irin Kumasi ki sayi abin da za ki shanye cikin wata ɗaya ko biyu, musamman kore, don ya fi baƙi saurin mutuwa. Wanda ya riga ya sha warin daddawa kam ba ya dawowa, sai dai ki dafa shi da citta da kanumfari masu yawa.