Tambayoyinku: xsl:key ɗina ya ƙi karɓar $reshe

Tambaya: Salam Malam, ya aiki? Ina da fayil ɗin XML na kayan shagunanmu, ina so in riƙa ciro kaya da lambarsu amma na reshe ɗaya kawai, sai na sa $reshe a cikin match na xsl:key, abin ya ƙi tashi sam. Kuma farashi yana wani fayil daban, in na kira key() ba ya dawo da komai, ko kuskure ba ya nunawa. Don Allah ina matsalar take? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Da alama XSLT 1.0 kake amfani da shi, wato yaren sarrafa fayilolin XML wanda W3C, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin yanar gizo, ta fitar a 1999, shi ne na manhajar xsltproc da burauza, kuma a dokarsa ba a yarda a sa wani abu mai alamar $, wato variable, sunan da ake ajiye ƙima a cikinsa, a match ko use na xsl:key ba. Shi makullin, wato xsl:key, tebur ne na neman abu da ake ginawa kan fayil ɗin, ba a so ya dogara da abin da ke sauyawa.

To dabarar ita ce ka cusa reshen cikin makullin kansa: use="concat(@reshe,'|',@lamba)", wajen nema kuma ka rubuta key('kaya', concat($reshe,'|',$lamba)) a select, nan kam $ ba laifi. Sandar nan ta tsakiya don Allah kar ka raina ta, in babu ita reshe 1 kaya 12 da reshe 11 kaya 2 duk 112 za su zama, sai ka ga an ba mutum farashin da ba nasa ba kuma ba saƙon kuskuren da zai fito, irin wannan ne ya fi ba ni tsoro wallahi.

Na biyun kuma, key() yana duba fayil ɗin da kake tsaye a ciki ne kawai. Ka fara ajiye lambar a xsl:variable, sannan ka shiga xsl:for-each select="document('farashi.xml')" ka kira key() a ciki. Ajiyewar dole ce, don da ka shiga @lamba ta ɓace maka.

Ni dai in aikin ba a burauza zai gudana ba, ka koma Saxon, manhajar da ke aiki da sabbin XSLT. XSLT 2.0 na 2007 ya yarda da $ ɗin da aka ayyana a saman takardar XSLT ɗin a cikin makulli, key() ma ya samu gurbi na uku da za ka faɗi fayil ɗin da za a duba, na 3.0 kuma a 2017 ya kawo composite="yes", ka huta da concat ɗin gaba ɗaya.