Yaya za mu karanta bayanan Python a wayoyinmu ba tare da forfe ba?

Tambaya: Salamu alaikum malam, ni ɗalibi ne a Marwa, mu biyar ne muke koyon Python, yaren rubuta manhajar kwamfuta, a ɗaki ɗaya kuma kwamfuta ɗaya gare mu, duk sanda muka manta yadda ake amfani da wani abu sai mun shiga intanet, ga rezo, wato sabis ɗin waya, yau akwai gobe babu, ga kuɗin forfe, wato data. Akwai dabara?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena, akwai, kuma wallahi ina so duk mai koyo ya yi wannan tun ranar farko. Ranar da rezo ya yi kyau ka shiga docs.python.org/3/download.html ka sauke bayanan Python na HTML ɗin, wato masu buɗewa a burauza, yana zuwa a dunƙule cikin fayil ɗin zip, ba wani nauyi gare shi ba. Akwai fassarar Faransanci ma a docs.python.org/fr tunda nan yawancinmu da ita muka yi makaranta, sai dai ba a gama fassara duka ba, za ka ci karo da shafukan da ke Turanci.

Ka warware zip ɗin, ka buɗe taminal, wato tagar da ake rubuta wa kwamfuta umarni, a cikin foldar da index.html yake, ka rubuta:

python3 -m http.server 8000

(A Windows sau da yawa py -m http.server 8000 ne.) Shi ke nan kwamfutar ta zama ƙaramar saba, wato mai raba shafuka ga burauza, ka buɗe burauza ka sa localhost:8000 za ka ga komai kamar kana kan shafin nasu.

To ga inda daɗin yake, sauran huɗun. Ɗayanku ya kunna hospot a wayarsa, ba sai da data ba, a haɗa kwamfutar da sauran wayoyin a kai. Ka nemo lambar kwamfutar (IP) a taminal da ipconfig in Windows ce, ko hostname -I a Linux, za ka ga abu kamar 192.168.43.25, kowa ya rubuta wannan lambar da :8000 a ƙarshe a burauzar wayarsa. In ta ƙi buɗewa kusan kullum katangar tsaron Windows ce ta tare, ka ba Python izini in ta tambaye ka. Wani zai ce me ya sa ba za a tura fayilolin a waya kawai ba? Android in ka buɗe HTML daga ma'ajiyar fayil yawanci shafin yana fitowa a wargaje kuma in ka danna mahaɗi ba ya kai ka ko'ina.

Amma don Allah ka kula, kada ka kunna sabar a babbar foldarka inda hotuna da takardunka suke, domin in babu index.html jera duk fayilolin take yi ga duk wanda ke kan wayfai ɗin. Su kansu masu Python sun rubuta cewa ba don aikin shafin gaske aka yi ta ba. In kai kaɗai za ka karanta, ko kana siba kafe, ka ƙara --bind 127.0.0.1 a ƙarshen umarnin, don kada kowa ya iya shiga sai daga kwamfutarka. In kun gama ka danna Ctrl da C a taminal don kashe sabar.

Tambaya: Na ga wani bidiyo yana cewa SimpleHTTPServer, na gwada ya ƙi. Daga Njamena.

Amsa: Ɗan'uwa wannan na Python 2 ne, wanda aka daina kula da shi tun 1 ga Janairun 2020. Yi amfani da na sama. Kuma gwada python3 -m pydoc -b, shi ba sai ka sauke komai ba, bayanin abubuwan da ke kan kwamfutarka yake nuna maka har da waɗanda ka sa da pip, abin da ake girka ƙarin kayan Python da shi.